Bindigar Da Ba Ganye A Bakinta

Maigandi wanzami ne a kasuwar Potiskum, zamanin Turawa, bayan sojoji sun komo daga yaƙin Bama. Wurin askinsa gindin wata tsamiya ne mai kogo, inda jemagu ke rataye kai ƙasa kamar an shanya su. Can gefe kaɗan matarsa Falmata take suyar ƙosai, hayaƙinta har yakan sa masu aski hawaye.

Maharban da ke kawo nama daga dajin Nangere suna da wata ɗabi'a tasu. In mutum ya iso bakin gari sai ya ɗaga adakarsa, wato bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, ya harba sama, cikinta ya zama wayam. Sa'an nan ya tsinki ɗanyen ganye ya cusa a bakinta. Duk wanda ya ga ganye ya san bindiga barci take. Har awakin kasuwa sun gane, sukan bi maharbi suna miƙa wuya su fizge ganyen.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Bubayaro, wani maharbi Bafillace da ya daɗe yana aski wurin Maigandi. Bindiga na kafaɗarsa, bakinta ba ganye, kunamarta kuma a ɗane.

Ya tsaya kan Falmata, da yake Babarbariya ce akwai wasa tsakaninsu, ya ce, "Baiwata, zubo wa ubangidanki ƙosai."

Ta ce, "Ubangidan da ko saniya ɗaya ba ta yarda ta bi shi ba?" Tana ɗaga kai ta ga bindigar, dariyar ta tsaya. "Fillo, ina ganyenka?"

Ya ce, "Yau ba ganye. Kurar da na harba a ƙafa ba ta mutu ba. Tana biye da ni. Kullum sai na ga sawunta a ƙofar gidana, ƙafa uku."

Bai yi dariya ba. Idanunsa sun yi ja, yana ta waige.

Falmata ta matso kusa da mijinta, ta rage murya. "Malam, mutumin nan ba ya cikin hayyacinsa. Ga Muhammadu Lawan can, yi masa magana kafin bindigar nan ta tashi da wani."

Muhammadu Lawan ɗan doka ne. Yana tsaye wajen 'yan gero da jar hularsa, yana cin goro. Ko hannu Maigandi ya ɗaga zai gani.

Amma a lokacin, wanda ya kira wa idon sani ɗan doka, munafukin Nasara za a riƙa ce masa, ba mai sake ba shi kansa ya aske. Ga shi bindigar ba ta da lasin, in an ƙwace ta Bubayaro ya rasa abin yi. Akwai kuma wani dalilin: Maigandi mutum ne mai son labarin al'ajabi, yana so ya ji ƙarshen kurar nan mai ƙafa uku.

Ya ce da matarsa, "Ke dai ji da kaskonki. Yanzun nan zan aske shi ya tafi."

Ta dube shi, ta koma bakin murhu.

Bubayaro ya jingine bindiga a jikin tsamiya, ya zauna kan tabarma. Maigandi ya jiƙa masa kai, ya ɗora aska. "To, da ka ga sawun, sai aka yi yaya?"

An aske rabin kai ke nan, sai wata baƙar akuya ta zo neman ganyen da ta saba samu. Ta ɗaga ƙafafunta na gaba ta dafa bindigar, tana shinshina bakinta. Bindiga ta sulale ta faɗi, bakinta na duban murhu.

Ƙarar ta tashi jemagu duka. Da hayaƙi ya washe, Falmata na kwance a gefen murhu, matsaminta a hannu. Guntayen ƙusoshin da aka ɗura don kura, su ne a ƙirjinta. Ƙosan da ke cikin mai ya yi ta soyuwa har ya ƙone, ba wanda ya tuna ya sauke.

Muhammadu Lawan ya iso a guje. Ya duba, ya tambaya wa ya ga bindigar tun farko. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya juya ga Maigandi, ya ce a hankali, "Baba, ina nan kusa fa. Da ka yafito ni, da na raka shi bayan gari ya juye ta."

Kafin la'asar an kai Falmata makwancinta. Bubayaro aka wuce da shi gidan yari, rabin kansa a aske, yana rantsuwa kurar ce ta zo a siffar akuya.

Maigandi bai sake riƙe aska ba. Sai aka riƙa ganinsa ranar kasuwa da ɗanyen ganye cike da aljihu. Ya cusa a bakin ƙahonninsa na wanzanci, ya cusa a bakin tulun masu ruwa, ya cusa a kogon tsamiya. In an tambaye shi sai ya ce, "Don a san barci take." Wani lokaci yakan tsaya tsakiyar mutane yana shaƙar iska, ya tambayi na kusa ko shi ma yana jin ƙaurin ƙosai.

Mai karatu, bindiga a cikin jama'a ba abin jin kunya ko kallo ba ne. In ka gan ta a kasuwa ko wurin taro a hannun wanda ba aikinsa ba, balle mai ita ba ya cikin hankalinsa, kada ka yi kokawar ƙwacewa, kada kuma ka yi shiru. Ka ja iyalinka nesa, ka sanar da 'yan sanda nan take, ko da mai ita amininka ne.