Kafin Fitila Ta Yi Ja

Tun da aka kafa dokar, kowane shago yana da fitila mai nuna abin da ya rage a asusun ƙasa na kuɗin waje. Da zarar ta yi ja, akwatin da ake ajiye kayan waje a shagon sai ya kulle kansa.

Tabawa ta taso tana ganinta koriya shar. Bara ta koma ruwan ɗorawa, bana ruwan goro.

Allurar sugan babanta ta ƙare tun jiya, ga wani alhaji gabanta a kemis yana ta zaɓen turaren waje.

"Malam Barau, don Allah sallame ni!" ta ce wa mai kemis.

"Yanzu, Hajiya."

Alhajin ya biya. Barau ya miƙa hannu ke nan, fitilar ta yi ja, akwatin ya ce ƙaras.

Alhajin ya wuce ta gefenta, sai ƙamshi yake zubawa.