Direban da Motarsa Ke Fito

Gyara zama, ɗan'uwa, tunda ka ce taka motar ma ta fara fito. Akwai wani direba mai jigilar tumatir zuwa kudu da motarsa mai turbo, irin injin nan da ke matsa iska ya ɗura wa mota ƙarfi. Wata rana ya taka totur sai ya ji siririn fito, fiii, kamar makiyayi na kiran shanu. Daɗi ya kama shi. Ya shiga tasha yana cika baki, wai motar kowa nishi take yi, tasa kuwa waƙa. Wani bakanike a tashar ya shafa ruwan sabulu a robar da ke haɗa bututun iskar, kumfa ya taso kamar bakin raƙumi. Ya ce masa robar ta tsufa ta tsage, iska ce ke gudu, a sa sabuwa tun kafin ta yi masa tsiya. Gogan naka ya ce hassada ce. Ya yanko tsohuwar robar cikin taya ya naɗe wurin tamau, kamar mai ɗaurin karaya, ya ƙara muryar rediyo.

Da kakar tumatir ta zo, manoman ƙauyensu suka loda masa duk abin da suka noma a fadama, har da kwandunan wata gwauruwa da ta yi ban ruwa da hannunta. Rana tsaka, a wani dogon hawa, ya ba motar wuta. Sai ji ya yi fus! Robar ta tsinke, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta koma tafiyar hawainiya, ta numfasa ta tsaya. Daji ne, ba gareji, ba inuwa. Kafin a samo sabuwar roba daga birni, tumatir ya yi miya tun ba a kai shi tukunya ba. Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙudaje sun yi biki, awakin hanya ma suka sansana suka wuce. Ya koma gida da kwanduna wayam. Ba wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Gwauruwar ta zo ta ɗauki kwandunanta, ta dube shi, ta ce, “Sannu da hanya.” Daga ranar ko buhun ƙaiƙayi ba a sake ba shi ba.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.