Ƙasar Sawu

Da idonta malamar asibiti ta ga wata tsohuwa durƙushe a ƙofar ɗakin shan magani, tana kwasar ƙasar sawun malamar tana ƙullewa a bakin zane.

Dama malamar ta zargi haka. Tun da hukumar En'e ta turo ta Tudun Wada daga birni, mata ke karɓar magani ba sa haɗa ido da ita, in ta doso rijiya sai hira ta mutu. Ga aiki ba mataimaki, ga allura ɗaya tal, a dafa a sake dafawa. Ashe har kurciya za su yi mata ta shiga duniya! To, ta hutar da su: akwatinta a ɗaure yake, motar Kano take jira.

Ta cafke hannun tsohuwar. "Iya, me na tsare muku? Ba ni na karɓi haihuwar jikanki ba?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Ai shi ya sa, 'yar nan. Duk wadda aka kawo mana, da mun saba sai ta tafi. Mun ji kin ɗaure kaya. Aka ce in an binne sawunki a gindin tsamiyar nan, ƙafarki ba za ta bar garin ba. Nauyin roƙonki muke ji."

Malamar ta daɗe tana kallon ƙullin. Sannan ta tuɓe takalmi, ta taka inda ruwan randa ya jiƙa, ta danna sosai.

"Wancan sawun takalmin En'e ne, Iya. Ɗebi wannan."