Mai Kwalekwale da Tashin Agwagin Tabki

Ka ce sai aiki ya lafa za ka je ka duba tsohonka. Na gaji da jin wannan magana a bakin mutane, har na daina yi musu faɗa. Misali kawai zan ba ka.

An yi wani mai kwalekwale a bakin wani tabki. Duk ƙarshen sanyi, idan bazara ta kawo kai, agwagin ruwa da suka zo daga ƙasashe masu nisa sukan taru a wani tsibiri a tsakiyar tabkin, su yi 'yan makonni suna kiwo, sannan su tashi su nufi arewa. A makonnin nan baƙi ke zuwa da madubin hangen nesa, shi kuma ya tuƙa su ta cikin ciyayi su je kallo. Mahaifinsa, tsohon masunci, shi ya koya masa hanyoyin ruwan nan. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido kuma ya fara yana. Abu ɗaya ya roƙi ɗansa, ya kai shi tsibirin ya ƙara ganin tashin agwagin kafin ganinsa ya tafi. Ɗan ya ce, "Baba, mutanen nan daga nesa suka zo, kai kuwa kana nan. Bari su tafi tukuna." Ba mugu ba ne, yana son ubansa. Sai dai bai tsaya ya lura ba cewa baƙin ba sa tafiya sai agwagin sun tashi. Ran da kwalekwale ya samu sarari, tsibirin ba kowa sai balbela da zalɓe. Shekarar farko haka, ta biyu ma haka, tsohon bai ƙara tayar da maganar ba.

A shekara ta uku kunya ta kama ɗan. Ya sallami baƙi da safe, ya goyi mahaifinsa ya sa a kwalekwale, ya tuƙa har gefen tsibirin. Agwagi suka tashi dubbai, har inuwarsu ta rufe ruwa. Ya ce, "Ga su nan, Baba." Tsohon ya juya fuska inda ƙarar fukafukai ke fitowa, idanunsa fari fat, ya ce, "Ina jin su. Da yawa ne bana?" Ɗan ya ajiye gorar tuƙi ya zauna, baƙin ciki ya cika shi, ruwa yana ta jan su a hankali.

Ya kai ɗaruruwan mutanen da bai san ko sunansu ba, ya bar wanda ya nuna masa hanyar. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.