Sarkin da Aka Ƙi Kwantarwa

Kai da kake ce min ba za ka taka ƙofar yayanka ba sai ranar da ka samu hujjar rufe masa baki, ajiye wayar nan ka saurara. Kuma kar ka katse ni, ba na maimaita magana.

An yi wani mai gyaran agogo da wani tela, rumfunansu na kallon juna a bakin kasuwa. Tun suna samari suka koyi darar nan ta Turawa da ake kira ces, mai sarki da sarauniya da sojoji, wadda ba a cinye ta sai an ƙure sarkin abokin wasa ya rasa gidan takawa. Kullum bayan la'asar sai su baje allo a kan benci, suna wasa suna tsokanar juna har shayi ya huce. Ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda ya ga babu mafita, shi zai kwantar da sarkinsa da yatsansa. Ba a kwantar wa mutum. Wata rana wasa ya yi nisa, mai agogo yana ganin shi ke sama, har yana karkaɗa ƙafa, sai tela ya tura wani ɗan soja gaba gida ɗaya, ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Malam, ka mutu, labari ne bai iso ka ba. Kwantar da shi mu tafi masallaci." A gaban jama'a fa. Mai agogo ya ce ƙarya yake, ya ɗora da wata magana da ta taɓa mahaifin tela, irin wadda in ta fita ba ta komawa. Tela ya juya, ya tsallaka titi. Gogan naka ya ɗauki allon yadda yake, ya ɗora kan kabad, ya rantse ba zai sake yi wa tela sallama ba sai ya nemo motsin da zai ƙaryata shi.

Ya kuwa nema. Ya sayi allo na biyu don gwaji, na farkon ko mai shara bai yarda ya kusance shi ba. Yau ya ga kamar hanya ta ɓulle, gobe ya tarar da ita a toshe. Tela ya aurar da 'yarsa, mai agogo bai je ba. Idon tela ya fara rauni, ya rufe rumfa, 'ya'yansa suka mayar da shi wata unguwa, nan ma bai je ba. Ga shi duk layin nan ba wanda ya iya wasan sai su biyu. Gemu ya yi fari a kan tambaya ɗaya. Ana nan sai wani ma'aikacin asibiti da ya kawo gyara ya hangi allon, ya ce ai akwai manhaja a waya da aikinta ke nan: ka jera mata 'ya'yan yadda suke, ta bi kowane motsi da kowace amsa har ƙarshensu. Tsoho ya jera, yana zaton ya samu lauya. Kafin ya gyara zaman tabarau ta gama. Motsi tara, sarkinsa ya mutu, ko ta ina aka bi. Ya ce a koma baya. Ya sadaukar da sarauniya, mutuwar ta ƙara matsowa. Ya gudu da sarki kusurwa, aka tarar da shi can. Ashe tun daga turin ɗan sojan nan babu ƙofa, shekara da shekaru yana laluben bango ne kawai. Abin da ya fi ci masa rai, abar ba ta dariya. Ba ta ce masa malam sha shayinka. Ta kashe shi shiru, kuma da ya sake tambaya ta sake kashe shi. Wa za ka zaga? Waya?

Sai ya jefa sarkin a aljihu, ya tambayi hanya har ya samu gidan da aka mayar da tela. Ya tarar da tela a zaure kan tabarma. 'Yarsa ta ce tun ciwon da ya yi bara ba ya gane mutane, ko ita wani lokacin sai ta faɗi sunanta. Mai agogo ya yi sallamar da ya daɗe yana riƙewa, tela ya amsa da ladabi, irin na wanda ya ga baƙo. Mai agogo ya durƙusa, ya tsayar da sarkin a kan tabarma, ya sa yatsa ya kwantar da shi. Ya ce, "Ga shi nan. Kai ke da gaskiya." Tela ya laluba ya ɗauka, ya jujjuya shi kamar mai neman bakin zare, sannan ya tsayar da shi tsaf a gabansa. Ya ce, "Bawan Allah, abinka ya faɗi."

Haka mai agogo ya koma rumfa. Allon yana nan kan kabad. Tambayar ta ƙare, wanda za a kai wa amsar ma ya ƙare, sai agogunan mutane da ke ta bugawa a kansa.

To, yayanka dai har yanzu yana gane muryarka. Amma na ga idonka, na san ba za ka je ba, irinku ba ku zuwa sai an shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ci gaba da neman hujja. Masu iya magana sun riga sun gama: girman kai rawanin tsiya.