Ƙurajen Ƙeya a Layin Njidda

Shekara uku Njidda ya yi yana sharar ɗakin shan magani a unguwar Messa, daga nan ya naɗa wa kansa rawanin likita. Kalmomi biyu ya tsinto a bakin ƙofa, "birus" da "bakteri", kuma da su yake cika baki a unguwarsu ta Briqueterie tun farkon mulkin Shugaba Ahijo.

Da ƙuraje suka feso wa mazan layinsu a ƙeya da haɓa, shi ya fara gani, domin duk safiyar Juma'a a bencinsa suke zama kafin masallaci. Ya duba, ya gyaɗa kai.

"Birus ne. A iska yake yawo, ba ya jin allura. Wani ne ya kawo mana."

Wa kuwa? Ai ga Yuguda, maɗinkin hula mai sanƙo, wata biyu da zuwansa daga Najeriya, fatarsa sumul. Njidda ya ce mai ɗauke da cuta ba ta cin sa. Nan take mai gidan haya ya ba Yuguda kwana uku ya kwashe komatsansa, shi da matarsa mai tsohon ciki.

Yuguda ya yi ta rantsuwa har da hawaye. Njidda ya ji tausayi, wallahi ya ji, amma ilimi ai ba ya son kunya. Don ya rufe bakin masu gardama, da ƙafarsa ya je ya ɗauko Madam Tasalla, malamar jinyar da ya yi wa shara a da. Yana tafe yana baza babbar riga: yau za a san waye Njidda!

Ta duba ƙeya goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai zazzaɓi?"

Babu.

"Mata da yara fa?"

Lafiyarsu lau.

"To, irin birus ɗin da kake nufi da zazzaɓi yake zuwa, ya feso ƙuraje masu farin ruwa a duk jiki, kuma yara yake fara kamawa. Wannan mugunya ce da ɓawo rawaya. Bakteri ne, allurar penisilin za ta kashe shi. Sai dai ba ya shiga sai ya sami ƙofa, sai an ɗan yanki fata. Wa yake muku aski?"

Maza goma sha ɗaya suka juyo a hankali suka zuba wa Njidda ido, wanzamin layin, mai aska ɗaya da tsumma ɗaya tal.