Gurbin Mai Shi

A gurbin da aka tanada don sunan wanda ya rubuta manhajar, babu komai. Fayau!

Kashim ya goge fuskar kwamfutar da hannun riga, wai ko idonsa ne. Ina! Sunan manhaja yana nan, lambar siga tana nan, bayanin irin sabar da za ta hau, wato babbar kwamfutar intanet, yana nan tsaf. Sunansa ne kaɗai ya yi ɓatan dabo.

Manhajar ba wata babba ba ce. Fulogin ce, 'yar maƙale da ake jona wa babbar manhaja don ta kwashi shirin mutum ta ɗora a sabobin intanet, waɗanda 'yan sana'ar ke kira gajimare. A ɗan shagonsu na bayan Kasuwar Kwastam ya rubuta ta, abokinsa Dzarma yana yi masa gwaji, janareton maƙwabta yana yi musu kiɗa. Kashim gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma da ka ce ya zauna ya rubuta bayani, gara ka ce ya share kasuwar da tsinken sakace.

Bayanin shaida kuwa dole ne. Kamar takardar da ake manna wa kwalbar humra yake: mene ne a ciki, wa ya haɗa, yaya ake amfani da shi. In babu shi, dandalin da ake baje irin waɗannan manhajoji ko kallonka ba zai yi ba.

Bara Allah ya jefo masa ɗauki, wani ɗan sa-kai a intanet mai laƙabin Ƙuli-ƙuli. A sanin Kashim ba su taɓa haɗuwa ba, ko murya ba su taɓa ji ba. Amma bawan Allahn nan ya iya tsara bayani, ga tsokana. "Kashim, wannan layin kai kanka ka san me yake nufi?" Don murna, da kuma lalaci, Kashim ya danƙa masa makullin shiga fayil ɗin bayanin baki ɗaya, ya ce kada a ƙara damunsa. Siga bayan siga, sunan Kashim Babagana yana fitowa ɓaro-ɓaro.

Sai makon jiya dandalin ya sauya tsari, aka ce kowa ya sake rubuta bayaninsa daga farko. Ƙuli-ƙuli ya sake, ya yi kyau har ya fi na da. Ban da gurbin nan.

Abin da ya tayar wa Kashim da hankali shi ne, ranar Litinin wani kamfani a Abuja zai leƙa dandalin ya tabbatar aikin nasa ne kafin ya ɗauke shi. Shi kuma gogan naka, a makon jiyan nan da aka sa ranar aurensa da Khairat, ya riga ya aika wa mahaifinta cewa aiki kamar yana hannu. Baki shi ke yanka wuya.

Ya rubuta wa Ƙuli-ƙuli: "Ka manta sunana."

Amsa ta zo: "Ban manta ba."

"To dandali ba ya karɓar gurbi a buɗe. Cike shi."

Aka cike. Kashim ya duba, ya ga an rubuta: Mai shi.

Dzarma ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya gimtse fuska. "Mutumina, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Yau 'mai shi', gobe ya ce shi ne mai shin."

Kashim ya koma kan tsofaffin saƙonni, ai kuwa sai ya ga alama. Tun makon jiya babu sauran "Kashim". Sai "ranka ya daɗe", sai "yadda ka ce". Wato har ladabin munafunci ɓarawon ya koyo! Ransa ya ɓaci ƙwarai, don har ga Allah ya ɗauki mutumin nan ɗan'uwa.

Da la'asar ya nufi gidan su Khairat a unguwar Old Maiduguri da fuska a murtuke. Khairat, wadda ke shekarar ƙarshe a karatun lissafi, ta fito zaure a lulluɓe, ƙamshin turaren wuta na biye da ita. Da can bakinta ba ya shiru, kullum cikin ja masa rai take. Amma tun da aka sa rana Kakarta ta sa ta a gaba da darasin zaman aure: yadda ake tafiya, yadda ake gaisuwa, abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Yanzu sai sunkuyar da kai, sai "sannu da zuwa".

Ya zazzage mata komai, har da Abuja, har da alkawarin da ya yi wa Babanta.

Ta ce a hankali, "Wataƙila yana da dalili."

"Dalilin me? Ɓarawo ne! Na tabbata wani mai ƙaton kai ne, ya zauna a ɗaki yana cin gumin mutane."

Khairat ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Kashim ya ɗauka tausayinsa ne ya sa ta kuka, sai ya ƙara zuciya. Ya zaro waya ya rubuta a gabanta, yana karantawa da ƙarfi: "Ko ka rubuta sunana cikakke kafin magariba, ko ka dawo min da makullina!"

Ta miƙe da sauri, ta ce bari ta kawo masa zoɓo.

Ko labulen bai gama lilo ba wayarsa ta yi ƙara. Makullin fayil ne ya dawo, da saƙo a ƙarƙashinsa:

"Ga shi, ranka ya daɗe, ka rubuta da hannunka. Kaka ta ce tunda an sa rana, sunan miji ya fi ƙarfin bakina da yatsuna. Mai ƙaton kai na tambaya: zoɓon da ƙanƙara ko babu?"